Kiran Juma'a Daga Jidda

Ranar Juma'a da la'asar sakaliya Barira ta ƙulle wayarta a gefen zane ta nufi bakin kanal. A ƙauyensu, can bayan Bunkure, sabis ba ya shiga ɗaki. Sai an hau tudun kanal, daidai ƙofar ƙarfen da ake buɗe wa gonaki ruwa, sannan sandar sabis ɗaya za ta leƙo a fuskar waya kamar an roƙe ta.

Ɗanta take jira. Jamaluddeen, ɗan farinta, shekara shida yana ɗinki a Jidda. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba, kunyar ɗan fari ta hana. "Wancan yaron" take cewa, ko "mutumin Jidda". Shi kuwa abin yana ci masa rai tun yana ƙarami, ita ma ta sani. Yau ta ƙudura za ta faɗa masa ya dawo gida. Mahaifinsa ya rasu, idonta ya fara hazo, gonar tumatir tana neman zama ta ciyawa.

Kiransa ba shi da lamba tsayayyiya. Dattijo mai cajin waya a Kura ya taɓa yi mata bayani.

"Inna, kiran Saudiyya ta intanet ake cusa shi don ya yi araha. Wannan kamfani ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa wa wani, kafin ya iso nan ya sake riga. Duk lambar da kika gani, ɗauka kawai."

Ta riƙe wannan, ta manta da na kakarta: ba a amsa kira a bakin ruwa da almuru in ba a ga mai kiran ba.

Rana ta yi ja. Masu ban ruwa suka saɓa fatanyu suka watse. Warin ruɓaɓɓen tumatirin da aka zubar a gefen hanya ya cika wurin, kwaɗi suna ta kuka. Daga nesa ladan ya fara kiran magariba. Ya kamata ta juya, amma uwa ce.

Wayar ta yi ƙara. Fuskarta ba lamba ko ɗaya.

"Inna."

Muryarsa ce, can ƙasa, kamar daga cikin randa.

"Na'am," in ji ta.

Ta saba jin muryarta tana dawo mata bayan ɗan jim, haka layin Jidda yake. Ta dawo kuwa. "Na'am." Sai ta sake dawowa. "Na'am." Ta ukun ba daga wayar ta fito ba. Daga ƙarƙashin ƙofar ƙarfen ta fito.

Kwaɗin suka yi tsit.

"Waye?" ta ce da raɗa.

"Waye?" in ji ruwan, da muryarta sak, har da 'yar shaƙewar da mura ta bar mata.

Wani ƙarni ya taso, irin na taɓon da bai taɓa ganin rana ba. Ta duba wayar. Babu sanda ko ɗaya. Amma a kunnenta ana numfashi.

Sai muryar ta fara faɗin abin da Barira ba ta faɗa ba. A hankali, kamar mai gwada sabon takalmi. "Ya aiki? Kana cin abinci kuwa? Allah ya yi maka albarka."

Ta buɗe baki za ta yi a'uziyya. Harshen ya ƙi.

Ruwan kanal ya tsaya cak.

Wani abu ya dafa gefen siminti. Ta ji ɗigar ruwa. Ɗis. Ɗis. Tana matsowa.

Sanyi ya taɓa mata dunduniya.

Da kyar "Allah" ya ɓalle daga maƙogwaronta. Ta wurgar da wayar, ta gangara tudun, ta faɗa cikin kunyoyin tumatir, ta tashi, ta sake faɗuwa. Ba ta waiwaya ba. A bayanta tana jin kanta tana dariya.

Kwana tara ta yi tana zazzaɓi. Da ta tashi aka samo mata wata wayar, aka dawo mata da layinta. Ta sa ana raka ta tudun da rana tsaka. Juma'a ta bi Juma'a, wayar ba ta ƙara kawo Jidda ba. An kira lambarsa ya fi a ƙirga, ba ta shiga. Baƙin ciki ya zauna mata a ƙirji, ta ɗauka ɗan ya yafe ta.

Bayan babbar salla Alhaji Ibrahimu maƙwabcinsu ya dawo daga aikin hajji, ya kawo mata dabino da saƙo.

"Na ga Jamalu, ya yi ƙiba. Ya ce ya bi umarninki, ya fasa dawowa, tunda kin ce kowa lafiya, ya yi zamansa."

Barira ta ɗago. "Ni? Yaushe?"

"Ba duk Juma'a kuke waya ba? Har kuka ya yi mini don murna. Ya ce shekara talatin yana jira, sai bana kika fara kiran sa da sunansa."

Dabinon ya zube daga hannunta. Ta buɗe baki za ta ce ba ita ba ce, a koma a gaya wa... Nan ta tsaya. Ko a yanzu sunan ya ƙi fitowa.