Zama na Shida

Ranar da suka fara haɗuwa masifa yake yi. Shi mai koyar da tuƙi ne, ita sabuwar ɗaliba, ta taka totur a maimakon birki har motar ta gogi katangar makarantar. Ya yi ta faɗa, jijiyar wuyansa a miƙe, ita tana riƙe da sitiyari tana kallonsa. Da ya tsagaita sai ta tambaye shi a hankali ko kullum haka yake, ko kuwa yau ce ta zo da wani abu.

Ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. Ya karɓi makulli ya ce zai mai da ta gida.

A hanyar komawa ta gaya masa tana digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam ta intanet, kuma ana so ta zauna sau goma da mutum ɗaya, ta saurare shi, ta naɗi muryar ta tura wa malamarta, ko zai yarda ya zama shi ne. Ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Ta ce ta sani, katangar da ta ji faɗansa ce dai ba ta sani ba.

Duk Talata da la'asar yake zuwa falon gidansu. Waya a kan tebur, mahaifinta a baranda da jaridarsa. Tana ce masa Malam Birki, yana ce mata Likita. A zama na huɗu ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba: ƙanensa da ya koya wa mota da hannunsa, wanda ya fita da mota wata safiya bai dawo da rai ba. Tun ranar duk wanda ya taka totur, ƙanen yake gani.

Bayan zama na shida saƙo ya shigo:

"Malam Birki, ka yi haƙuri, ba zan ƙara zama da kai ba. Zan haɗa ka da wani da ya fi ni ƙwarewa."

Ya kira sau tara ba ta ɗauka ba. Ya rubuta:

"Kin gama kwashe cikina kin samu maki ko? Ashe ni aikin gida ne."

Talata na zagayowa ya wuce ta layinsu, ya ga takalman wani namiji a bakin falo, daidai lokacinsa. Ya tsaya a get ya ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Mahaifin ya naɗe jaridarsa, ya ce wanda ke irin wannan a ƙofar mutane ba a san abin da zai yi a ɗakinsa ba, kada ya sake tako gidan.

Washegari ita ta same shi a filin koyon mota. Bai taɓa ganin ranta a ɓace ba, sai ranar.

"Sati shida ina jin ka, yau kai za ka ji ni. A karatunmu an hana ka saurari wanda kake so. Na gaya wa malamata gaskiya, na goge zama shida da hannuna, zangon nan gaba ɗaya na rasa shi. Mai takalman da ka gani kuma dattijon da na sake aikin da shi ne, jikokinsa huɗu."

Ta ce kunya ce ta hana ta ɗaukar waya, don ba ta san yadda mace ke fara faɗin irin wannan ba. Shi kuma ya je ya ɓata abin da take lallaɓawa wajen Baba.

Ya buɗe baki. Ta ce ya rufe. Ya rufe.

Sati uku yana zuwa wajen ƙwararren da ta haɗa su kafin ya nemi izinin ganin mahaifin. Tsohon ya zaunar da shi a baranda ya wanke shi tas, tun daga muryarsa har yadda yake faka mota a ƙofar mutane. Kusan awa guda. Jijiyar wuyan ta miƙe, ta kwanta, ta sake miƙewa. Bai ce uffan ba. Da tsohon ya gaji, ya tambaye shi ba shi da abin cewa ne?

"Baba, na gane tsoro kake kar in yi mata abin da na yi a get."

Tsohon ya naɗe jaridarsa ya ajiye. Sannan ya ce a turo manya.

Aka ɗaura aure sati biyu bayan ta miƙa sabon aikinta. Mahaifin ya dafa kansu ya ce Allah ya sanyaya masu harshe, ya ba su zuri'a mai jin magana, aka amsa da amin.

Ranar da suka fara fita tare ita ta karɓi makulli. A bakin get ƙafarta ta sake samun totur, fitilar hagu ta tarwatse. Ta runtse ido tana jira.

Ya ja numfashi mai tsawo.

"Likitata, kullum haka kike, ko yau ce ta zo da wani abu?"