Rami na Uku

"Sassauta leɓɓanki, masoyiyata... Ja harshenki baya... A hankali, kar ki yi gaggawa."

Muryar Abdurrazak ce ke fitowa daga wani saƙon murya a salular Nasiba, salular kuwa tana hannun mahaifinta, Malam Bawa, a tsakar gidansu a Babankatami.

Sakina, ɗiyar kawunta, tana jingine da rumbu tana kallon ƙasa. Ita ta ari salular da safe wai za ta kira wata, ita ce kuma ta kai wa Baba. Nasiba ta daɗe da sanin idon Sakina yana kan Abdurrazak.

"Mi ne ne wanga?" in ji Baba.

"Darasi ne, Baba..." in ji Nasiba.

Ya tambaye ta wane irin darasi ake yi da leɓe da harshe.

Ta shiga ɗaki ta fito da armonika, ɗan abin busa na ƙarfe mai jerin ramuka. Baba na ganin ta ya nemi wuri ya zauna. Ta Habu ce, yayan Nasiba, wanda ya tafi biɗa Abijan ciwo ya kashe shi can. Cikin jakarsa aka dawo da ita.

Nasiba ta yi bayani. Akwai wata busa da Habu yakan yi in ya dawo gona, mai wani wuri da sautin ke nutsewa kamar muryar mai shirin kuka. Ta bi ramukan kaf, babu mai wannan sautin. Ran kasuwar Buza ta ji wani mai gyaran moto, Abdurrazak ke nan, yana fitar da shi da tasa armonikar a bakin garaji, ta tsaya ta tambaye shi. Ya ce ba hura shi ake yi ba, lanƙwasa shi ake yi: a ja iska ciki, a janye harshe kamar mai cewa "ii" ya koma "uu". Rami na huɗu ya bi ta. Na uku ne, inda sautin ke saukowa hawa-hawa, ya ƙi.

"Busa in ji."

Ta ja iska, armonikar ta yi wani ƙiii ta shaƙe. Ta sake, haka dai. Sakina ta yi dariya cikin mayafi.

Baba ya karɓe armonikar ya haɗa da salular. Ya ce shi bai haifi maroƙiya ba, kuma a kira masa wannan mutumin.

Nasiba ta wuni a ɗaki ba ta ci komai ba. Daga nan ta ji mahaifiyarta, Inna Kulu, tana faɗa wa Baba cewa ita ta san da busar tun farko. In yarinyar ta ɓuya bayan rumbu tana gwadawa, ita kan dakatar da daka ta saurara.

Ran Juma'a Abdurrazak ya zo, farcensa da sauran baƙin mai, tare da kawunsa Mato. Nasiba ta laɓe bayan zana. Bayan gaisuwa Baba ya miƙa wa Abdurrazak armonikar, ya ce ya yi abin da yake koyarwa.

Abdurrazak ya goge ta da bakin riga. Busar Habu ya ɗauko, wadda Nasiba ta sha rera masa. Da ya zo wurin, sautin ya sauko, ya ƙara saukowa, ya tsaya yana rawa.

Nasiba ta toshe baki da hannu.

Baba ya ce Habu yakan riƙe wurin fiye da haka. Abdurrazak ya ce zai gyara.

"To, leɓe da harshe na gane," in ji Baba. "Ita 'masoyiyata' hwa, cikin darasin take?"

"A'a, Baba... Ita ce ta sa na zo da kawuna. Ina son Nasiba, in za ku ba ni."

Baba ya juya wajen zanar, kamar ya san tana nan.

"Ke hwa?"

"Ina son shi, Baba," ta ce.

Ya ce wa Malam Mato su dawo bayan an yanke hatsi. Sannan ya tura armonikar ta ƙarƙashin zanar, har ta taɓa ƙafarta.

"Ki daina zuwa bayan rumbu. Ki yi a tsakar gida, inda uwarki za ta ji da kyau."