Sake Murɗawa

Na je rufe gidan marigayiya mahaifiyarmu ne kafin ƙanƙara ta toshe hanya. Gidan yana can ƙarshen gaɓar tsibirin Senja, inda kwalta ta ƙare. Maƙwabta duk sun daɗe da tashi. Na tsiyaye ruwan famfo don kada bututu ya fashe, na kashe fitilar taga, na kulle ƙofa, na shiga mota. Duhu ya soma sauka.

Na murɗa makulli. Ƙas. Shi ke nan.

Na kira yayana Eilif, bakanike ne a Tromsø.

"Ke Torunn, wannan akwalar taki har yanzu ba ki binne ta ba?"

"Yaya, bar wasa. Ƙas kawai take yi."

"Fitila na kamawa?"

"Garau."

"To batir da ransa. Duba kansa dai, ko ya yi tsatsa. In ba shi ba, kik mai tayar da injin ne ya maƙale. Ki samu wani ya ƙwanƙwasa shi kina murɗawa."

"Wani wa? Garin nan ko tunkiya ba ta rage ba."

Yana cikin dariya layin ya yanke. Na sake kira, babu sabis.

Na ɗaga bonet. Kan batir tsaf yake, a ɗaure. Na zaro fiyus ɗaya bayan ɗaya, duk lafiya. Yatsuna suka sandare. Teku na kwance lumui, ko tsuntsu ba ya kuka. Sai wani wari ya doki hancina, na ruɓaɓɓiyar ciyawar teku da tsohon man gas.

"Kik ne," in ji wata murya ƙasa-ƙasa.

Mutum ne tsaye a gefena cikin rigar robar masunta, hula ta rufe masa fuska. Ruwa na zuba daga hannun rigar. Ban ji takunsa a kan tsakuwa ba.

"Sannu, bawan Allah. Daga ina?"

"Daga ƙasa." Ya nuna teku da haɓa. "Shiga ki murɗa, 'yar Ingebjørg."

Sunan mahaifiyata ke nan. Na shiga.

Bonet ya kare mini shi. Ta 'yar kafar da ke ƙasa nake hango hannuwansa cikin injin, farare fat, a kumbure. Babu guduma, amma ina jin ƙarfe na amsawa. Ƙwan. Ƙwan.

"Murɗa."

Ƙas.

"Sake murɗawa."

Wannan karon a bayan kunnena muryar take.

Hannuwan kuwa suna nan cikin injin.

Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyata. A kujerar baya ruwa na ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Ban waiwaya ba. Na murɗa.

Injin ya tashi. Bonet ya faɗo da kansa. Babu kowa a gaban motar.

"Kowa ya tafi," muryar ta raɗa. "Fitilar tagar mahaifiyarki ce kaɗai nake gani daga can. Ita ma kin kashe."

Sitiyari ya juya a hannuna. Motar ta nufi gangaren da ake tura kwalekwale.

Na taka birki. Ya nutse har ƙasa.

Tayoyin gaba suka shiga ruwa.

"Ki zauna tukuna."

"Zan kunna fitilar!" na ce. "Na rantse zan kunna maka!"



Sitiyari ya saki.

Na ja ribas, na koma gidan a guje. Na kunna fitilar taga, na fito ban ko kulle ƙofa ba. Ban tsaya ba sai garin Finnsnes.

Can Eilif ya zo ya buɗe injin motar. Kik ɗin ya ƙone ƙurmus, wayarsa a tsinke. Ya tambaye ni wa ya jawo ni gari. Na ce ba kowa. Daga ranar bai sake zolayata a kan motar ba.

Na hana a sayar da gidan. Duk shekara, kafin hanya ta toshe, ni kaɗai nake zuwa in sauya ƙwan fitilar, in juyo da sauran hasken rana. Bara ƙanƙara ta riga ni isa, ba sawun kowa a hanya. Amma na tarar an share ƙofar gidan tas, an fitar mini da wurin ajiye mota.