Kwalin da Ya Kwana a Zaure

"Babu," in ji Eilif.

Solrun ta dube shi ta saman kantar sayar da magani, hular ulunta tana ɗigar da ruwan ƙanƙara a kan gilashin kantar. Tun kaka ya sa mata zobe, amma yau cikin farar rigarsa ta mai kantin magani sai ta ga kamar baƙo ne ke mata magana.

"Kamar yaya babu? Likita ya turo takardar maganin tun Litinin."

"Ya turo. Masu kawo mana ne ba su da shi, har a manyan garuruwa nemansa ake yi. Na samu wani iri a ƙetare da zai maye gurbinsa, likita ya amince. Sai dai jirgin fito..."

Bai ƙarasa ba. Kowa a tsibirin ya san jirgin fito bai taso ba tun da iska ta juya arewa, kuma babu ranar tasowarsa.

"Nawa ya rage miki, Sol?"

"Rabin alƙalami."

Tun tana ƙarama take yi wa kanta allurar insulin ta ciwon sukari, irin mai siffar alƙalami, ba sai an gaya mata abin da ke faruwa idan ta yanke ba. Amma ba rabin alƙalami kaɗai gare ta ba. Akwai wani sabo fil da ta ɓoye a firjin kicin ɗin makarantar da take wa yara girki, bayan kwalin man shanu. Ta ji maganar ta zo mata har baki, ta haɗiye. So take ta ga me fuskarsa za ta yi.

Fuskarsa ba ta yi komai ba. Ya sunkuyar da kai yana gyara kwalayen da babu abin da ya same su.

"Zai kai ki Asabar in kin kula. Ki yi haƙuri, masoyiyata."

Tana fita ta tarar da Gunnvor, mai taimaka masa a kantin, tana kwashe ƙanƙara daga bakin ƙofa da shebur. Gunnvor ce wadda Borghild, mahaifiyar Eilif, ta so ya aura, kuma har yau ba ta cire rai ba.

"Sannu, amarya. An ce babu ko?"

"An ce."

"Ikon Allah." Gunnvor ta jingina da shebur. "Ni dai jiya na ga kwali guda a firji. Irin naki sak."

Solrun ta tsaya.

"Yana ina?"

"Kin san aikinmu, ba a faɗar sunan mutane. Ni dai na ga ya sa shi a aljihun kwat ɗinsa da muka tashi. Duk wata haka yake yi, da kansa yake kai mata."

"Mata?"

"Au, na ce mata? Bakina ke nan." Ta ci gaba da kwashe ƙanƙararta tana murmushi.

Da la'asar, duhu ya riga ya rufe tsibirin kamar kullum a wannan watan, Solrun ta tare shi a hanyar bakin ruwa. Iska tana kaɗa busassun kifin da ke rataye a kan katako, suna ƙwanƙwasar juna.

"Akwai kwali jiya ko babu?"



"Akwai. Ba naki ba ne."

"Na wace ce?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Ni ce fa, Eilif. Ni ce wadda za ka aura."

"Ko kin zama matata ba zan faɗa ba. Kamar yadda ba zan faɗa wa kowa naki ba."

"Ta fi ni buƙata ne?"

"Ita ta fara nema, da sunanta aka kawo shi. Sol, da na ba ki, da ita na hana. Babu yadda zan juya shi in fita da hannu mai tsabta."

"To ka fita da wannan."

Ta zare zoben, ta jefa masa a aljihun kwat, aljihun da Gunnvor ta ce. Ya kira sunanta sau biyu, iska ta tafi da na biyun.

Da ta isa gida ta kasa cin abinci. Ta dinga bin matan tsibirin ɗaya bayan ɗaya a ranta. Sabuwar malamar makaranta? Bazawarar da ke gidan fitilar jiragen ruwa? Wace ce ake kai wa magani har gida, a ɓoye, duk wata? Abin da ya fi ƙona ta shi ne ta kasa cewa ya yi laifi. Ta juya maganar ta kowace fuska, ta ga da ita ce a bayan kantar haka za ta yi. Amma sanin hakan bai rage mata zafi ko kaɗan ba.

Washegari da safe mahaifinta, Oddmund, ya fita zaure ɗauko takalman kamun kifinsa, ya dawo riƙe da wani abu.

A tsibirin ba a kulle ƙofar zaure, ba a kuma ƙwanƙwasawa. Wanda ya kamo kifi da yawa ko ya gasa burodi, sai ya ajiye wa maƙwabci a kan bencin zaure ya wuce abinsa. Ɗora wa mutum nauyin godiya rashin kunya ne a wurinsu. Haka Solrun ta taso tana gani, ba ta taɓa tambayar wa ya kawo me ba.

"Wannan ba kifi ba ne," in ji Oddmund.

Safar hannu ce ta ulu, an cusa ɗaya cikin ɗaya. Solrun ta zaro abin da ke ciki. Kwalin insulin, irin nata. Ta buɗe, ta ɗaga alƙalami ɗaya ga fitila.

Ruwan cikinsa ya daskare, fari fat kamar gishiri. Ta duba sauran, duk haka.

Ta zauna a kujera a hankali.

"In ya narke fa?" in ji mahaifinta.

"Ya mutu, Baba. In ya daskare ko ya narke ba ya aiki."

Oddmund ya karɓi kwalin yana jujjuyawa. "Kin gani? An ɓare sunan mai shi. Mutumin kirki me zai sa ya ɓare suna? Da ban fita da wuri ba, da na shigo da shi ya narke a kan tebur, ki yi ta allura da ruwa kina cewa magani ne."

"Baba..."

"Dubi safar. Jan zare a wuyan hannu, tauraro a baya. Gida ɗaya ne ke wannan saƙar a tsibirin nan. Matar da ta tsaya a gaban mutane bayan coci ta ce ba ta haifi ɗa don ya ƙare a jinya ba. Yau ta nuna mana har inda ƙiyayyarta ta kai."

Solrun ta karɓi safar. Irin ta Eilif ce, babu shakka, saƙar Borghild. Zuciyarta ta so ta yarda da mahaifinta, don hakan ya fi sauƙi. Amma wani abu ya ƙi zama. Mai son cutar da kai zai ɓare sunansa, sannan ya naɗe abin cikin saƙar da kowane yaro zai gane? Kuma safa biyu, ɗaya cikin ɗaya, an ɗaure bakin da zare don kada sanyi ya shiga. Wadda ta yi wannan ta yi imani ulu zai ɗumama kwali yadda yake ɗumama hannu. Ba ta san ulu ɗumin jiki kawai yake riƙewa ba.

To ina Borghild ta samu insulin?

Sai abubuwa suka fara dawo mata. Borghild da ta daina taɓa kek a shan kofi na ranar Lahadi, tana cewa haƙori. Borghild da ta rame bara. Eilif da ke hawa tudu wurinta da kwat a rufe har wuya.

"Ba ƙiyayya ba ce, Baba," ta ce. "Nata ne. Nata ta kawo mini, duka."

Ta sa takalmi ta nufi makaranta. Ta ɗauko sabon alƙalamin daga bayan man shanu, ta tsaya da shi a hannu cikin kicin ɗin da babu kowa. In ta bayar, rabin nan ne kawai tsakaninta da asibitin da babu hanyar zuwa. In ta riƙe, babu wanda zai taɓa sanin tana da shi. Ta lura cewa wannan na biyun shi ne ya fi ba ta tsoro.

Ta zura shi cikin rigarta, a jikin fatarta, ta hau tudu.

A zauren Borghild akwai benci kamar na kowa. Solrun ta wuce shi, ta ɗaga hannu ta ƙwanƙwasa ƙofar ciki.

Muryoyin da ke faɗa a ciki suka yi tsit. Borghild ta buɗe, doguwa, leɓunanta a bushe. A bayanta Eilif ne tsaye gaban buɗaɗɗen firji, fuskarsa babu jini.

"A garin nan ba a ƙwanƙwasa ƙofa, 'yar Oddmund."

"Na sani. Amma wannan ba a barin sa a zaure."

Ta zaro alƙalamin ta miƙa mata. Borghild ba ta karɓa ba. Idonta ya sauka a kan safar da ke ɗaya hannun Solrun.

"Bai ishe ki ba ne?"

"Ya daskare."

"Na naɗe shi."

"Na gani. Kin naɗe shi da kyau."

Tsohuwar ta dafa ƙofa. Eilif ya rufe fuska da tafin hannu. "Mama, kwali guda. Na ƙarshe a tsibirin nan. Da kin tambaye ni..."

"Da na tambaye ka da ka hana. Gunnvor ta zo jiya tana ba ni labari har da dariya, wai an sallami amarya hannu wofi. Ni tsohuwa ce, nawa ciwon yana jira. Nata ba ya jira." Ta juyo ga Solrun da kaifin nan nata. "Kada ki ɗauka wani abu ne. Ban canja ra'ayi ba."

"Ban ɗauka ba. Karɓi."

Eilif ya matso, ya dubi alƙalamin, ya dubi Solrun.

"Kin ce rabi ya rage miki."

"Na ce."

"Me ya sa?"

"Na so in ga ko za ka karya doka saboda ni."

"Da na karya fa?"

Ta kwana tana wa kanta wannan tambayar. "Da na ji daɗi jiya. Yau kuma da na fara tunanin ranar da za ka karya ta saboda wata."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ta fi kama da kuka. "Kin san kin wahalar da ni, Sol?"

"Kai ma ba ka bar ni na yi barci ba."

"To ku shigo ku rufe mini ƙofa," in ji Borghild, "kuna ɗumama wa teku ɗaki." Ta fizge alƙalamin daga hannun Solrun, ta riƙe shi a ƙirji. Ba ta ce na gode ba. Solrun ma ba ta jira ba.

A teburin kicin, bayan Eilif ya duba sukarin mahaifiyarsa ya tsaya a kanta har ta yi allurar, Borghild ta zuba kofi, ta yanka burodi da cuku. Ta dubi taga, ta fara magana.

"Ni na yi jinyar mahaifinsa har ya rasu. Na san nauyin. Da likita ya ce ni ma ina da ciwon sukari, sai na ga yaron nan zai ɗauki biyu. Ɗaya zan iya hanawa, shi ya sa na hana."

"Ni ba kaya ba ce, Borghild. Tun ina ƙarama nake ɗauke da kaina."

"Na ga alama. Har da nauyin wasu."

Ranar Asabar iska ta ɗan lafa, ko da yake jirgin fito bai taso ba. Oddmund, wanda ya rantse ba zai sake gaisawa da mutanen gidan tudu ba, shi ya tayar da kwalekwalensa ya ƙetara da Eilif, yana ta mita tun daga bakin ruwa cewa mai kantin magani ko igiya bai iya ɗaurewa ba. Suka dawo da akwatin magani a tsakanin ƙafafunsu. A alƙalamin Solrun abin da ya rage bai kai na gobe ba.

Gunnvor ta nemi canjin wurin aiki kafin bazara. Babu wanda ya ce mata komai, wannan ne ma ya kore ta.

Zoben kuwa Eilif bai ajiye shi a benci ba. Ya zo har gida, ya ƙwanƙwasa, Oddmund ya leƙo yana cewa wannan sabuwar ɗabi'a za ta lalata garin.

Ana saura mako guda biki, Solrun ta fita zaure da safe ta ga safar hannu sabuwa a kan benci. Jan zare a wuya, tauraro a baya. Ta zura hannu tana laluben ko akwai wani abu a ciki.

Babu komai. Daidai hannunta ce kawai.