Yaron Bencin Baya

Auta na shanya kaya a tsakar gida Baba ya kira ta falo. Yana zaune da tabarau a kan hanci, kamar zamanin da yake hedimasta.

"Mai gyaran wayar nan da ke neman ki, ba shi ake kira Mazari ba?"

"Shi ne, Baba."

"Shekara uku yana ajina, a bencin baya. Ba ya zama, ba ya ji, kullum ido a taga. Bulala nawa na karya a kansa. Jiya na ce ya zo ƙarfe huɗu, sai shida saura ya iso, ina magana yana katse ni. Ban yarda ba."

Auta ta sunkuyar da kai hawaye na zuba.

Washegari da ta tashi daga asibitin da take aikin nas, ta biya shagon Mazari. Ta same shi cikin tarin wayoyi da caja, ƙafarsa na ta kaɗawa.

"Wallahi tun ƙarfe biyu na shirya," in ji shi. "Na ce bari in ɗaura wa wata waya sikirin, ina ɗago kai biyar ta wuce. Da na ga fuskar Baba sai na koma ɗan aji uku, bakina ya ƙi tsayawa. Ki rabu da ni kawai. Abokaina ma duk sun watse, wai na cika fushi da saɓa alkawari. Daƙiƙi ne ni."

"Daƙiƙi ne ke gyara wayar da shago uku suka kasa? Akwai likitan da ake kawo wa yara masu irin wannan matsalar a asibitinmu. Mu je ka gan shi."

"Au, mahaukaci kika ɗauke ni?"

Sati biyu bai ɗaga kiranta ba. Ta daure, kullum ta tura masa gaisuwa. Wata rana sai ga shi a ƙofar asibiti.

Bayan zama uku likita ya ce lalurar kasa tattara hankali ce tun yarinta, ba hauka ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba. Duka da gori ne suka ƙara masa saurin fushi da raina kai. Ya ɗora shi kan magani, ya koya masa dabarun tsara lokaci.

Auta ba ta ja da Baba ba. Da izinin Mazari ta ajiye takardar likitan kusa da rediyon Baba. Wata huɗu bai ta da zancen ba, sai dai Umma ta ce ta sha ganin yana karanta ta.

Wata safiya Baba ya tako har shagon. Mazari ya miƙe tsaye.

"Zauna, ɗana," in ji Baba. "Na dake ka a kan abin da ba ka da iko da shi, don ban sani ba. Ka yafe mini. Ka turo manyanka."

Mazari ya durƙusa yana kuka.

Bayan aure bai daina mantuwa gaba ɗaya ba. Yakan bar makulli a jikin ƙofa, Auta ta ciro tana dariya. Amma ya daina zagin kansa, abokai biyu ma sun dawo.

Ba kowane yaro mai rawar kai ne marar ji ba. Iyaye da malamai su bincika kafin su ɗaga hannu, domin kalmar da aka jefi yaro da ita takan bi shi har girma, sai dai in ya dace da mai haƙurin da za ta tsaya ta fahimce shi.