Tsakuwar Tashar Bububu

Tun da aka tsayar da jirgin ƙasa aka kwashe ƙarafan layin dogo, tashar Bububu ta koma gidan Vuai Pandu. A da shi ke zuba wa injin gawayi. Da aikin ya mutu, sai ya tare a ɗakin sayar da tikiti da matarsa Bi Mtumwa da 'yarsu Mwanakombo.

Wata magariba, Bi Mtumwa na matse kwakwa a bakin murhu, iskar teku ta ɗauke cak. Dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo baya, ya fasa tukunyar shinkafa. Vuai ya ɗauki dutsen, ya yar da sauri: tsakuwar layin dogo ce, da zafi kamar an tsamo ta daga wuta.

Kullum rana ta faɗi sai jifa. Ran nan Mwanakombo ta miƙe tsakar gida, idanu a kafe, ta saki ƙara irin ta jirgi. Uwar ta riƙo ta, yarinyar ta maka ta da bango har haƙoran uwar suka zube. Ta shaƙe ubanta, sai da maƙwabta suka taru suka ɓamɓare ta.

Aka ɗauko Malam Faki, mai ruƙiyya daga tsibirin Pemba. Ya sa aka hura garwashi a kasko, ya zuba turare, ya yi ta karatu har jikin yarinyar ya sandare.

"Wane ne kai?" in ji malam.

Muryar tsoho ta fito daga bakinta. "Ɗan Pemba, ba da kai nake ba. Mangwaron bayan tashar nan gidana ne. Tartsatsin jirgi ya ƙone shi, 'ya'yana na ciki."

"Me ya hana ka zuwa tuntuni?"

"Ƙarfen layin dogo ne ya tare ni. Yanzu sun kwashe."

"A yanka maka baƙin bunsuru."

"Bunsuru ne ya hura wutar? Hannun da ya zuba gawayin nake so. In an hana, in tafi da ita."

"Ba ka da iko da jinin musulmi," in ji malam, ya ƙara ɗaga murya. Wuyan Mwanakombo ya fara murɗewa baya, a hankali, har ana jin ƙashi na ƙara.

Vuai bai jira ba. Ya durƙusa, ya cusa hannun damansa cikin garwashin, ya danne da na hagu. Ƙaurin nama ya cika ɗakin.

"Na karɓa," in ji muryar. Yarinyar ta yi atishawa, ta zube.

Da ta farfaɗo ba ta tuna komai ba. Ta ga bakin uwarta, ta ga hannun da aka naɗe da ganyen ayaba.

"Baba, wa ya yi maka haka?"

"Tsohon ciwon aiki ne," ya ce. "Tashi ki ba uwarki ruwa."