Ramin da Ke Cikin Ƙashin Kamila

Yara, wani yanki na wannan labari ya kuɓuce mini. Tsufa ke nan. Na manta shekarar, na kuma manta ko sau nawa aka je Sakkwato. Abin da ya rage dai ga shi.

A Kwargaba akwai wata yarinya, Kamila, 'yar aji biyar. Tana da kyawun rubutu. Kullum ita malami yake ba alli ta rubuta kwanan wata a allo. Ni ma a da haka hannuna yake. To, mu bar wannan.

Abu ɗaya Kamila take tsoro: allura. Saboda haka da damtsenta na dama ya fara ciwo, sai ta yi shiru. Ta san idan ta faɗa, asibiti za a kai ta.

Ranar cirar albasa ta ɗaga kwando. Sai ta ji ƙas! Hannun ya saki.

Kakarta Uwaliya ta kai ta wurin Tambari mai ɗori.

"Mi as same ki, ɗiyata?" in ji Tambari.

"Daga amalanke na faɗo, Baba."

Ƙarya ce, amma Tambari ya yarda. Ya ɗaure hannun da karan dawa. Ƙashi ya haɗe.

Bayan wata huɗu tana jan guga a rijiya, hannun ya sake karyewa a wuri ɗaya. Wannan karon Tambari bai taɓa kara ba. Ya dube ta.

"Shekara arba'in ina ɗori. Guga ba shi karya ƙashin yaro. Wancan karon da gaske kinka faɗo?"

Kamila ta fashe da kuka. "Ban faɗo ba, Baba. Kwando na ɗaga. Hannun ya daɗe shina ciwo. Allura nike tsoro."

"Ashsha! Da kin gaya mini, da ban ɗaure ba. Halliru, wanga ba aikina ba ne. Kai ta a ɗauki hoton ƙashin."

Halliru shi ne mahaifinta. Washegari suka hau motar Sakkwato, har da Uwaliya.

Likita ta ɗaga hoton sama. "Kin ga nan? Rami ne cikin ƙashi, cike da ruwa. Ya sa ƙashin ya zama kamar ɓawon ƙwai."

"Ciwon daji ne?" Halliru ya tambaya.

"A'a. Kwantar da hankalinka. Idan karayar ta haɗe, hanya uku ke gabanmu. Za mu iya jira, muna ɗaukar hoto. Wani ramin yakan cike da kansa idan yaro ya girma. Amma nata babba ne, kuma sau biyu ke nan."

"Sauran fa?" in ji Halliru.

"A zuƙe ruwan da allura, a zuba magani. Ba yanka, amma wataƙila sai an maimaita. Ko kuma a yi aiki, a kankare ramin a cike shi. Shi akwai kwanciya, akwai tabo. Kowanne cikinsu ramin yana iya dawowa."

Uwaliya ta ce, "Likita, a jira mana. Wagga ɗiya, in ta ga mai ɗinkin hula ma gudu take."

Har likita ta yi dariya. Kamila ba ta yi ba. Ta dubi hannunta da ke rataye. Sati biyu, ko ma wata biyu, wata yarinya ce za ta riƙa rubuta kwanan wata a allo.

"Idan anka jira, zai iya sake karyewa?" in ji Kamila.

"Zai iya."

Halliru ya ce, "Likita, in ɗiyarki ce, wanne za ki zaɓa?"

"Da allura zan fara."

Kamila ta juya wurin mahaifinta. "Baba, a yi allurar. Gudunta nai, ga inda ya kawo ni."

Halliru ya dafa kanta. "Na yarda. Allah shi yi miki albarka."

Ranar da aka sa, da ƙafarta ta shiga ɗakin. Ko juyawa ba ta yi ba. Aka sa ta barci. Da ta farka ta ce, "Yaushe za a fara?"

"An gama, sarkin tsoro!" in ji Uwaliya.

A hankali ramin ya cike. Ranar da ta koma riƙe alli, duk ajin suka tafa.

To, yara, kada ku ɓoye ciwo. Ku gaya wa iyaye da wuri, ku faɗa wa mai magani gaskiya. Ciwon da aka ɓoye girma yake yi.

Af, na ce na manta ko sau nawa aka je. Na haɗu da Halliru ran kasuwar Wurno, na tambaye shi. Sau uku aka yi allurar. A ta ukun, in ji shi, Kamila ce ta tuna masa ranar.